Yadda Aka Ceci Surukata Sau Biyu a Yini Ɗaya

Jama'a, jiya ban karya kumallo ba sai bayan la'asar, kuma ƙafar takalmina ta hagu tana can tana yawon duniya ba da izinina ba. Ku gyara zama ku sha labari.

Ruwan da aka tafka da sassafe bai cika awa uku ba, amma magudanar layinmu, wadda aka yi alkawarin yashewa tun gemuna yana baƙi, ta ce ita ma ta gaji. Wajen ƙarfe takwas mai ɗakina ta bugo waya daga gidan mahaifiyarta da ke gangare, inda take jinyar gwiwar tsohuwar.

"Ruwa ya shanye gado," in ji ta. "Na ɗora Iya a kujera, kujerar a kan tebur. Ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ka nemo jirgi."

"Jirgi kuma? A ina?"

"Oho dai." Ta kashe waya.

Ni kuwa ko a bahon wanka ba na sakin jiki. Na dai yi ta maza na gangara, ruwa ya kawo mini ƙirji, ya karɓi takalmi a matsayin gaisuwa, na juyo. Sai na tuna da maƙwabcina mai walda, wanda duk layi ke kira Saja. Yana cikin sojojin ko-ta-kwana, mutanen nan masu sana'arsu da ake horarwa lokaci-lokaci, in masifa ta taso a cikin gida a kira su. Na same shi a bakin ƙofa yana kokawa da maɓallin kakin da aka ba shi tun kafin ya ajiye tumbi.

"Alhamdu lillahi, Saja, an kira ku ke nan!"

"An kira mu, amma filin ƙwallo. Yau ne atisayen ceton mutane daga ambaliya. Wata uku ana shirinsa."

"To ga ambaliyar nan ta kawo kanta har gida!"

"Wannan ba ta cikin jadawali," ya ce, yana kallon ƙasa. Na ga abin yana cin ransa. Ya ja numfashi ya cusa maɓallin ƙarshe. "Biyo ni dai. Mai nema yana tare da samu."

Filin yana kan tudu, ƙasa a tsane. A tsakiya an shimfiɗa wani makeken shuɗin tamfol, shi ne ruwan. An sa ƙarti biyu suna girgiza gefensa don ya yi igiya. A kansa jirage shida sababbi fil, wasu ko leda ba a gama cire musu ba. Ga rumfuna, ga kujeru, ga lasifika. Sojojin ko-ta-kwana kusan arba'in sun ƙame a layi, har da tela da malamin makaranta da direban tanka, waya tana ta ruri a aljihun kowa, don iyalansu ne ke kira.

Mai kula da taron wani farar hula ne mai fayil a hammata, mu kira shi Oga Mai Jadawali. Na rusuna na karanta masa damuwata.

"Malam, Allah ya kyauta," ya ce. "Amma jiragen nan ba a ƙaddamar da su ba. In suka jiƙe, me Mai Girma Babban Baƙo zai zo ya gani?"

Ku faɗi gaskiya, kun taɓa ganin mutum mai tsari irin wannan? Da wani sakarai ne, da tuni ya jefa jirgin ruwa cikin ruwa ya ɓata shi. Na tsaya ina jinjina hikimarsa, hankalina kuwa yana can gangare, don na san tsayin teburin Iya, ni na sayo shi.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana cikin haka aka raɗa wa Oga wata magana, nan take gumi ya karyo masa. Ashe abu na biyar a jadawali shi ne ceton tsohuwa, kuma motar ɗan kwangilar da zai kawo mutum-mutumin tsohuwar ta maƙale a hanya. Ambaliya ta tare ta.

Saja ya fito daga layi, ya buga ƙafa, ya sara.

"Yallaɓai, na san inda za a samo tsohuwa ta gaske. A jiƙe ma take."

Oga ya zaro ido. "Ta iya kururuwa?"

"Yallaɓai," na ce, "shekara ashirin ina saurare, ban ji na biyunta ba."

Aka ba da jirgi ɗaya, da sharaɗin a goge shi tas kafin a dawo da shi.

A nan fa zan ajiye zolaya kaɗan. Mutanen nan sun san aikinsu. Direban tanka ya riƙe tuƙi, malamin makaranta ya ɗaure igiya a jikin turken wuta ya miƙa ta har gidan, Saja ya zaro zarton ƙarfe ya yanke sandunan taga, waɗanda shi da kansa ya liƙa bara. Lokacin ruwa ya fara lasar ƙafafun kujerar. Suka cicciɓo Iya da kujerarta da jakar magani, ko ɗankwalinta bai goce ba. Wallahi sai da ƙwalla ta cika mini ido. Mai ɗakina ta dube ni cikin jirgi, na rungume katako kamar zan haɗiye shi, ta ce, "Sannu, Baban yara." Rabona da jin wannan murya na manta.

A hanyar fita mutane suna kan rufin kwano suna ɗaga mana hannu. Jirgi ya cika, umarni kuma tsohuwa ɗaya aka ce. Saja ya bar malamin makaranta da igiyarsa a can, ya yi ta ce musu, "Muna dawowa," alhali bai san da me zai dawo ba. Iya kuwa ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

Muka tarar Mai Girma ya iso yana kan jawabi, yana tabbatar wa jama'a cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Da ya gama, aka dasa Iya a tsakiyar tamfol. Aka kawo gadon ɗaukar marasa lafiya, ta ce ita ba ta mutu ba tukuna, ba mai kwantar da ita. Ƙarti suka girgiza tamfol, aka busa usur, aka ja jirgi a ƙasa ƙiiii, aka sake ceton Iya. Wannan karon an yi tafi, masu kyamara har da kwanciya.

Mai Girma ya taso da kansa ya kara mata makirufo.

"Mama, kin iya wasa! Har da jiƙa kaya! Yaya kika ji?"

"Ranka ya daɗe, ni ai 'yar koyo ce," in ji Iya. "Gwanayen suna can layinmu a kan rufi. Akwai mai jego da jinjirinta, akwai makahon tsoho da jikokinsa. In ka gan su, sai ka rantse da gaske ne."

Oga Mai Jadawali ya fara tari. Mai Girma kuwa ya waiga ya ga kyamarori sun zuba masa ido, ya ɗaga hannu sama.

"Me ake jira? A kawo su duka!"

Kafin ya sauke hannun, Saja da mutanensa sun sungumi jirage shida sun yi gangare a guje, leda tana tashi a bayansu. Ba su huta ba sai da suka kwaso kowa. Mutum arba'in da uku, har da akuyar wata bazawara da ta ce ba ta fita sai da ita.

Da yamma aka sanar cewa atisaye ya yi nasarar da ba a taɓa gani ba. Ita kuwa ambaliyar layinmu, an kafa kwamiti ya binciko ko ta faru.

Iya tana gidana yanzu, ta karɓe ɗakina da fankata, tana ba baƙi labarin yadda aka tafa mata. Ba na ƙorafi, ranta ya fi fanka. Shawarata ɗaya ce gare ku 'yan'uwana talakawa: in ruwa ya ci gidanku, kada ku ɓata murya kuna "a taimaka". Ku hau rufi ku gyara hula, ku ce gwaji kuke yi.