Gas ɗin Tallafi da Tumatirin Sharhabilu

Ranar Talatar da ta wuce na yini kwance ƙarƙashin mota a bakin hanyar Bakura, gas na ɗiga mini a gemu. Ni Barau, da na fara riƙe sitiyari tun hanyar nan ba ta san kwalta ba.

A bayan motar akwai tumatirin maƙwabcina Sharhabilu. Noman raninsa ke nan kaf, kwando bisa kwando. Masu saye daga kudu kan gama lodi a kasuwar Mafara kafin azahar. In suka ɗaure tamfol, sai wani mako. Tumatir kuwa ba ya jiran wani mako. Na ce masa ya kwantar da hankali, Tsohuwa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tsohuwa gingimarina ce. Ta girmi Sharhabilu.

Bari in faɗi inda abin ya faro, don kada wani ya ɗora wa motata laifi.

Tun damina aka girke wani tanki a tasharmu. Aka ce gas ne, tallafi ga direbobi, daga hannun Mai Girma Uban Marasa Gata, Allah ya ƙara masa rumfa da masu tafi. Amma ba mai taɓawa sai ya zo da kansa. Gas ɗin manya ba ya fita sai gaban mai ɗaukar hoto. Tun makon farko wani ya sace murfin tankin, aka rufe bakin da buhu da dutse. Ruwan sama ya yi ta sauka a kai har kaka. Aka kafa kwamitin binciken murfi. Kwamiti ya samu ofis da mota. Tanki bai samu murfi ba.

Ranar Litinin Mai Girma ya samu sarari. Ya zo da babbar riga mai cika rumfa, ya ce mu direbobi mu ne gatan ƙasa. Aka yi ta tafi. Na sha faɗa a wannan fili cewa ba na tafa wa kowa, kuma ban tafa ba. Jarka ce a kowane hannu.

Da aka zo rabo sai samari suka cika gaba. Na yi gyaran murya.

"Ashe tarbiyya ta ƙare garin ga? Dattijo na tsaye, yara na gaba?"

Nan take suka dare. Aka ce Baba Barau ya wuce, shi ne babba. Na wuce a hankali, yadda ya dace.

To, famfon tankin a gindi yake. Ruwa ya fi gas nauyi, ƙasa yake kwanciya. Wannan na san shi tun ba a haifi uban mai ɗaukar hoton ba. Amma a lokacin Mai Girma ya dafa kafaɗata, ana cewa in kalli nan. Na kalli nan. Abin da ya shiga jarka ban kalla ba.

Da safe na je Bakura da ragowar gas ɗina. Aka yi lodi. Na juye jarkokin nan biyu a tanki. Na ga kalar ta yi fari-fari, na ce ko irin na manya ne. Ba mu yi nisa ba Tsohuwa ta yi tari, ta yi rawa, ta yi shiru.

"Baba, lahiya?" in ji Sharhabilu.

"Lahiya lau. Numfashi take."

Na murɗa makulli. Na sake murɗawa. Na yi ta murɗawa har batir ya ce shi ma ya gaji. Sannan na sauko na ɗaga bonet, abin da ya kamata in fara yi.

Na sa sifana na kwance gidan filta. Abin da ya zubo, in aka ba jaki zai sha. Ruwa ne da laka da tsatsa. Filtar ta kumbura kamar burodin da ya faɗa kwata.

"Baba, wanga gas na ko kunu?"

"Riƙe mini sifana, ka bar tambaya."

Ina da sabuwar filta ƙarƙashin kujera, wannan kam ba a raina ni ba. Amma sa ta kafin a zubar da ruwan tanki ɓarna ce. Na shige ƙarƙashi na kwance noti. Ruwan Mai Girma ya yi ta zuba, har ciyawar wurin ta yi godiya. Rana na hawa. Sharhabilu ya cire rigarsa ya rufa wa kwandon sama, kamar riga ɗaya za ta yi wa mota guda inuwa.

Ina kwance sai jiniya. Jerin baƙaƙen motocin Mai Girma ne, an ce Maradun za su, buɗe wata rijiya da aka buɗe bara. Wani mai sanda ya leƙo ta taga.

"Tsoho, kau da akwalar nan daga hanya."

Na ce gas ɗin maigidanka ta sha, shi ya sa ta koyi zama ba aiki. Wannan amsa na ba shi bayan sun yi nisa.

Da gas ya fara fitowa tsantsa na ɗaure noti. Na wanke gidan filta, na sa sabuwa, na daidaita zoben roba. Saura fitar da iska, don injin gas ba ya tashi da iska a ciki. Na sassauta ƙaramin noti, na kama famfon hannu. Kumfa, kumfa, kumfa. Babban yatsana ya kumbura kafin kumfar ta ƙare. Ga filta sabuwa, ga gas, ba batir.

Hayatu ne ya tsaya, direba ɗan tasharmu, motarsa cike da albasa. Shi ma gas ɗin tallafin ya sha, amma daga ƙarshen layi. Injinsa na kiɗa kamar sabo. Ya gaishe ni har ƙasa, ya tambayi iyali da gajiya, sannan ya jona mini batir.

Na ce, "Hayatu, jiya kun ga abin da ya shiga jarkata?"

"Mun gani, Baba."

"Kunka yi shiru?"

"Haba Baba. Wa ka gyara ma dattijo gaban taro? Kai ka koya muna."

Gaskiyarsa. Ni na koya musu.

Mun shiga Mafara bayan la'asar. Inda motocin kudu suke tsayawa, sai sawun taya da awaki. Kwandunan ƙasa sun fara hawaye. Sharhabilu ya tsaya ya dubi filin, ya dubi tumatirinsa, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Da zagina ya yi da na fi samun barci.

A rediyo kuwa aka ce rabo ya yi nasara, har an fara da dattawa don girmamawa. Matata Taiba ta ƙara murya don in ji da kyau.

"Malam, kai aka nufi," in ji ta.

Washegari Sharhabilu ya yi sallama. Muka gaisa, gida da gona da zafin rana, bai rage ko ɗaya ba. Da ya gama sai ya miƙo mini wuƙa. Ya ce abin da bai ruɓe ba za a yanka a shanya ya zama kauɗa, ko a tsira da wani abu, kuma hannu ya yi kaɗan.

Na karɓa. Ina zaune a ƙofar gidansa kan tabarma, tsakanin matarsa da surukarsa, ina yankan tumatir. Duk direban da ya wuce sai ya rage gudu ya gaishe ni da ladabi. Surukar ta ce yankana ya yi kauri, ba zai bushe da wuri ba. Ita ta girme ni, ba ta jin nauyin gyara mini.

In kun shiga kasuwar Talata kuka ga kauɗa mai kauri, karkatacciya, aikina ne. Ku saya. Kada kuma wanda ya nemi ragi.