Barkono a Filin Dogayen Gagare

Jama'a, ku yi mani jaje. Jiya Alhamis da ƙafa na turo babur ɗina tun daga gidan man hanyar Shinkafi har tsakiyar Kaura, rana na dukan ƙeyata, ga babbar rigar da na ɗora wa kaina don a ce na yi shiga ta mutunci. Tun bayan asuba nake kan layi. Sai da ya rage mutum huɗu a gabana aka rataye tiyo, wai mai ya ƙare, alhali ina kallon jarkoki ana loda su a bayan wata mota mai baƙin gilashi. Mai baƙin gilashi ai hidimar al'umma zai je yi, ni kuwa kira kawai aka yi mani.

Kiran kuma ba ƙarami ba ne, takarda ce har da hatimi, daga Kwamitin Binciken Musabbabin Rashin Nasara na ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, Dogayen Gagare. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Amadu mai faci, rumfata na bakin tasha. Shekara huɗu ke nan da aka yanke mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu, kuma tun lokacin manyanmu suka rantse duk abin da wasu ke da shi sai mun yi namu. Aka kafa ƙungiya, aka zuba siminti, aka kafa ƙarafa biyu masu zobe, aka ɗauki 'yan wasa aiki sosai, ba na sa-kai ba. Abin da aka manta kawai shi ne ƙwallo ta biyu. Ɗaya gare mu tilo, kuma motar da ke kai 'yan wasa Zurmi da Shinkafi tayoyinta sun fi kaina sanƙo. Shi ya sa duk inda ƙungiya ta sa ƙafa ina bayan motar da famfo da gam. Wasa goma sha huɗu aka yi bana, babu wanda ya wuce ni.

Cikin sha huɗun nan mun ci uku. Sauran kuwa, Allah ya ba mu haƙuri.

To, ku san abin da ake ciki: so ake a kori koci, Malam Ladan. Mutumin nan malamin motsa jiki ne a firamaren Sakajiki, yana zaman zamansa aka lallaɓo shi ya ajiye alli, kuma tuni an ba wani gurbinsa. In aka sallame shi a nan, ba shi ga makaranta ba shi ga fili, ga iyali. An kira ni ne in zama shaidar da za ta ɗaure shi. Tunda kuwa kwamiti bai ba ni lokaci na gama bayanina ba, bari in yi maku shi a nan, ku da ba ku da inda za ku gudu.

In fara da 'yan wasa. Yadda aka zaɓe su ma abin a yaba ne. Mai Girma Uban Ƙungiya, Inuwar Matasa, Garkuwar Wasanni, shi da kansa ya je Kasuwar Daji ranar kasuwa da wata gora a hannun direbansa. Duk wanda ya kai tsawon gorar, an ɗauke shi. A nan aka samo Hammadu, Bafulatani, ya kawo bijimi sayarwa ya koma gida a matsayin ɗan wasan tsakiya. Kuma kada ku yi dariya, gorar ta yi sa'a a kansa. Mutumin da ya saba bin shanu tun daga dajin Zurmi ba ya sanin gajiya, in ya ɗaga hannuwan nan sai ka ce an tsaya ƙarƙashin giginya. Matsalarsa ɗaya, kunya. Ranar da muka je Shinkafi, ashe wan matarsa na cikin 'yan wasansu. Ai kuwa Hammadu ya sunkuyar da kai tun daga usur na farko har na ƙarshe. Suruki ya taho da ƙwallo, Hammadu ya kauce masa hanya, saura kaɗan ya durƙusa. Muna ta ihu, "Tare shi! Tare shi!" Da aka tafi hutu ya dube mu kamar ba mu da tarbiyya, ya ce, "Ku dai ba ku da ta ido. In ɗaga ma yayan Hafsatu hannu bisa kai, gaban mutane?" Maki talatin da ɗaya surukin ya zuba mana shi kaɗai.

Sai Muhtari. Shi bai kai gora ba, ko kusa. Ladan ne ya shigo da shi ta bayan fage, don tun yana ɗalibinsa ya san hannunsa. Duk garin nan babu mai saiti irin nasa, daga nesa yake sakinta ka ji zobe bai ko motsa ba. Amma hukumar ƙungiya ta ce yana ɓata hoto, saboda haka duk ranar da manya suka zo sai a zaunar da shi a benci. Sa'armu ɗaya, manya ba sa daɗewa. Da an ɗauki hoto, an tsaya sallar la'asar, ba ka ƙara ganin ƙeyarsu, sai Muhtari ya shiga ya fara rage mana kunya. Da shari'a ta zo aka ce wando ya rufe gwiwa, wannan babu mai ja, daidai ne. Sai dai hukuma ta aika wa tela awo ɗaya tak na kowa da kowa. Na Hammadu da kyar ya sauka gwiwa, na Muhtari kuwa yana sharar ƙasa, rabin wasa hannu ɗaya na kan ƙwallo ɗaya na riƙe da ƙugu.

Sauran 'yan wasan Allah ya ba su tsawo, kuma suna da ladabi. Iyakar abin da zan ce ke nan.

Yanzu koci. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma na san mutumin da ya san aikinsa, kamar yadda nake gane tayar da za ta kai Gusau da wadda za ta kwana a hanya. Da 'yan Shinkafi suka zo mana ramuwa, Ladan bai yi wa Hammadu faɗa ba, bai ce masa kunya ƙauyanci ce ba. Ya dai mayar da shi ɗaya gefen, inda ba zai haɗa ido da surukinsa ba, ya sa wani marar dangi a Shinkafi ya tare mutumin. Ranar Hammadu ya yi ɓarna. Ladan ne ya ɗauki wandon Muhtari ya kai gida aka kalmashe. Shi ne ke tuna wane ne bai karya ba, wane ne uwarsa ke kwance. Aibinsa, in aibi ne, ba ya iya buɗe baki gaban manya. Ko taka shi suka yi, shi zai ce su yi haƙuri.

Saura hukuma, Allah ya ƙara mata basira. Kun san duk unguwar nan babu daɓen siminti mai faɗi da santsi kamar filinmu. To, da aka fara tsinkar barkono, wata safiya 'yan wasa suka zo atisaye suka tarar da fili ja wur, daga wannan zobe zuwa wancan. Shanya. Ga buhuna jibge a gefe, da suna rubuce ɓaro-ɓaro a jikinsu. Ladan ya karanta sunan, ya gyara hularsa, ya ce mu tafi bakin gulbi.

Sati shida ana atisaye cikin yashin Gagare, da wani tsohon kwandon kaba da aka cire wa gindi aka ɗaure a reshen marke. Ku da kuka san wasan, ku gaya mani yadda ƙwallo za ta yi tsalle a kan yashi. Ka buga ta ƙasa ta zauna daram, tana kallonka. In ta kuɓuce kuma sai cikin ƙaya. Faci ashirin da uku na yi mata a wannan tsakanin, har ta koma kamar kuncin mai ƙyanda. In ranar wasa ta zo, 'yan wasanmu ne za su yi sammako su tattare barkonon gefe da tsintsiya da shebur, in an tashi su sake baza shi.

Amma in faɗi gaskiya don Allah, barkonon nan ya yi mana rana. Wasa ukun da muka ci, duk cikin sati shidan nan ne, kuma duk a gida. Namu sun saba, hancinsu ya mutu. Baƙi kuwa da an fara gudu ƙurar ta tashi sai atishawa. 'Yan Zurmi sun zo da wani dogo da ake ta ba mu tsoro da shi, ya ƙare wasan yana hawaye kamar an yi masa rasuwa. Alƙalin wasa ya sa usur a baki, atishawa ta ƙwace masa, aka tsaya ana neman usur a cikin jama'a.

Shekaranjiya da yamma ina ba Lauratu, uwargidana, labarin abin da zan faɗa, ta ajiye muciya ta dube ni.

"Malam, kai dai faci anka kira ka a kai. Mi ya haɗa ka da barkonon mutane?"

Na ce, "Korar Ladan za su yi."

"To kai ka ɗauke shi aiki? Rumfar taka bisa hilin wa take? Ka je ka ce ƙaddara ta, ka dawo gida."

Na ce to. Kuma har ga Allah da niyyar in ce ƙaddara ce na fita.

Na isa zauren jiƙe da gumi, aka bar ni a baranda awa biyu. Ladan na can ƙarshen benci, ya sa rigarsa ta Juma'a, sai murza hula yake a hannu. Muka gaisa, bai ce mani ka taimake ni ba. Da ya roƙe ni ma da abin bai dame ni haka ba.

Da aka shigar da ni, mutum tara ne a kan teburi, kuma cikinsu babu wanda ya taɓa ganin ƙarshen wasa ko ɗaya. Mai Girma na tsakiya. A gabansa, ƙarƙashin tabaransa, ga takardar sallama an riga an buga, sa hannu kawai take jira.

"Amadu," in ji shi, "mun ji kai ba ka taɓa fashin wasa ba. Faɗa muna tsakaninka da Allah, kocin ga ya iya aikinai?"

Da bai ce tsakanina da Allah ba, da Lauratu ta ci nasara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ya iya. Hili na bai samu ba."

"Wane hili? Ba mu munka zuba siminti ba?"

"Kun zuba, Allah shi saka da alheri, siminti mai kyau. Shi ya sa ma barkono ya yi sati shida bisa kai."

Sakataren kwamitin baƙo ne, kwanan nan aka turo shi, bai san gari ba. Ya ɗaga alƙalami cikin natsuwa ya ce, "Barkonon wa? Dole a rubuta."

Mutum bakwai suka shiga gyaran hula. Mai Girma ya ɗaga kai yana nazarin fankar da ba ta juyawa. Ni kuma baki ya riga ya tafi. Na ce, "Buhunan dai da suna a jikinsu. In an ba ni izini, sai in..."

"Lokacin salla ya yi," in ji Mai Girma, ya miƙe.

Jama'a, mun riga mun yi azahar, la'asar kuma da sauran awa ɗaya da rabi. Amma wa zai yi gardama da mai kiran mutane zuwa ga alheri? Aka watse. Suka shige wani ɗaki, mu muka koma baranda.

Bayan la'asar ta gaskiya sakatare ya fito ya karanta sakamako. Kwamiti, bayan dogon nazari, ya wanke Malam Ladan tas, zai ci gaba da aikinsa. 'Yan wasa sun yi ƙoƙari. Hukuma ta cancanci yabo na musamman. Barkono kuwa ko sunansa bai fito ba. Musabbabin rashin nasara, in ji rahoto, shi ne an riƙa cika wa ƙwallo iska fiye da ƙima, ga faci barkatai da ya hana ta tafiya daidai. Saboda haka an dakatar da mai faci nan take.

Wallahi abin ya yi mani ciwo, ba zan ɓoye maku ba. Wasa sha huɗu a bayan mota, rana da ruwa, in tashi da sunan wanda ya kayar da gari. Na juya in tafi sai Ladan ya riƙe hannuna da hannu biyu. Shi ya karɓi babur ɗin ya tura mani har ƙofar gida. Lauratu ta ji labari ta ce, "Madalla da gwani," ta dangwara mani tuwo.

Yau da hantsi ina rumfa sai ga wani saurayi fes-fes, da takalmi sau-ciki da biro uku a aljihu. Ya gabatar da kansa: sabon Jami'in Kula da Iskar Ƙwallo, kuma ɗan ƙanen Mai Girma. Ƙwallon na hammatarsa, ta lotse kamar ƙosan jiya. Ya yi ta kame-kame, can ya rage murya ya ce, "Baba Amadu, don Allah ta ina aka sa mata iskar?"

Maganganu sun zo mani har wuya, masu daɗi kuwa. Sai na tuna Ladan ya sa atisaye da la'asar, kuma yanzu babu barkono a filin, yau a kan siminti za a yi. Na miƙa hannu na ce, "Kawo ta nan. In an tambaye ka, ka ce kai ka yi."