Injin Dakta Sulemana

Duk Zongon Kumasi, daga Akwatia Line har bakin Race Course, ba a taɓa yin masani kamar Dakta Sulemana ba. Shi da kansa ya sha faɗar haka, kuma mai ilimi irin nasa ba ya ƙarya. Wata bakwai cur ya yi a gonar kajin wani Bature a bayan gari. Mahassada suna cewa kashin kaji yake kwashewa. Ko ma me yake yi, ya fito da farar kwat mai aljihu uku, da ma'aunin zafi, da kalmomin Turanci guda tara da yake juyawa kamar mai suyar ƙosai. Matan gida suka sa masa Uban Tsaki. Ya ɗauka sarauta ce, ya riƙa amsawa.

Ga shi kuma da tausayi. Ƙarshen 1969, da aka ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, Dakta ya raka Awalu mai gyaran takalma har tasha, yana share ido da hankici. Kafin motar ta fita gari ya koma gida ya rubuta OFIS da fenti a ƙofar ɗakin Awalun. Gidan hayar na yayan Dakta ne, shi aka bar wa kula da shi, saboda haka babu wanda ya ce uffan.

Sumana ma, ɗaya daga cikin masu haya a gidan, bai ce komai ba. Shi ɗan dako ne a tashar Race Course, shekara ashirin yana sauke buhunan doya da masara, kuma ya daɗe da lura cewa magana ba ta taɓa ɗaga buhu ba. Shi ne Awalu ya bar wa abin da ba ya shiga mota: agwagwa ɗaya da toronta.

"Irin tsohuwata ne," in ji Awalu ranar tafiya. "A gidan nan ta fara kiwon su. Sumana, kada ka bari ya ƙare a hannunka."

Ba a yi wata biyu ba motar katako ta take toron a bakin titi. Abin da ya rage na irin tsohuwar Awalu shi ne ƙwai goma sha shida a bayan duron ruwa, da uwarsu da ta hau kansu ta fara kwanci.

A nan ne ilimi ya shigo. Dakta ya tsaya a kan agwagwar, hannu a baya, ya girgiza kai.

"Shekara goma sha uku da samun 'yancin kai, har yanzu muna jiran tsuntsu ya zauna! A Ingila agwagwa ba ta zama a kan ƙwai. Tana da abin yi. Inji ne ke wannan aikin. Sumana, kawo ƙwan."

"Amana ce, Dakta."

"Ɗakin da kake ciki ma amana ne a hannuna."

Sumana ya dubi ƙofar ɗakinsa, inda matarsa ke tsefe wa 'yarsu kai. Ya sunkuya, agwagwa na huci tana saran hannunsa, ya zaro goma. Shida Dakta ya yarda a bar mata, wai don jahilai su ga bambanci da idonsu.

Injin kuwa abin kallo ne. Akwatin sabulu ne na katako, da fitilar kananzir a ciki, da buhu a sama, da ɗan gilashi a gefe don leƙe. Sau uku a rana Dakta yake auna zafinsa, amma sai ya fara sa ma'aunin a hammatarsa tukuna, don ya saita shi da jikin mai ilimi. Ya hana daka sakwara a tsakar gida, wai ƙarar taɓarya tana firgita ƙwai. Mata suka riƙa jan turmi zuwa lungu suna yi masa addu'ar da ba a faɗa da ƙarfi. Ita agwagwar ba ta hana kowa komai ba. Sau ɗaya take fitowa a rana, ta sha ruwa, ta jiƙa jikinta a kwata, ta koma.

Ranar da ƙwan suka cika kwana ashirin da ɗaya a inji ta faɗo Lahadi. Dakta ya aro bencina daga makarantar allo, ya gayyato mutanen unguwa, ya sa Mma Hamamatu, tsohuwar da ke sayar da koko a ƙofar gida, ta dama babbar tukunya. Ya yi jawabi mai tsawo a kan ci gaba, ya yi amfani da kalmominsa tara duka, wasu sau biyu. Sannan ya yaye buhun.

Shiru. Ƙwai goma suna kwance kamar yadda aka ajiye su, sai dai sun yi duhu. Dakta ya ƙwanƙwasa ɗaya da biro, ya kara a kunne. Ya fasa. Ƙwan ya dahu tsaf, har gwaiduwar ta yi kore.

"Dakta," in ji Mma Hamamatu, "a kawo gishiri da yaji, ko haka Turawa ke ci?"

Na biyun bai jira a fasa shi ba. Ya tashi a hannun Dakta, ya wanke gaban farar kwat, warin ya kori benci biyu na gaba.

Da ƙaramin mutum ne, da ya ji kunya. Dakta kuwa nan take ya gano mai laifi: marigayi toro ne, ba shi da ƙarfi. Daga nan ya wuce bayan duro da sauran jama'a a bayansa. Ya nuna yadda agwagwar ta rame, da yadda ta fige gashin ƙirjinta ta shimfiɗa a gurbi, da yadda take huci.

"Kun gani? Cuta ce. Kwana ashirin da ɗaya sun cika, ba ta fitar da komai ba. A zubar da ƙwan, a yanka ta tun ba ta zama mushe ba."

"Na kaza ke nan, ɗana," in ji Mma Hamamatu. "Agwagwa sai ta yi wata guda da kwana biyar. Gashin kuma katifa ta yi wa 'ya'yanta. Tun ba a yaye ka ba nake ganin su."

"Mma, ke koko kika karanta."

Sumana ya miƙe. Ya fita, ya dawo da guntayen katako a ka, ya kafe su kewaye da gurbin, ya yi ƙofa. Ya cire kwaɗon ɗakinsa ya maƙala a nan, ya jefa mabuɗin a aljihu. Ɗakinsa ya zauna a buɗe.

Dakta ya kumbura har kwat ta matse shi. "Na ba ka mako biyu. Ko ita ta bar gidan nan, ko kai." Ya ji yadda ake faɗar irin wannan a rediyo, kuma ya ga tana aiki.

Mako biyun nan Sumana ya ji su a wuyansa fiye da kowane buhu. Ɗakunan waɗanda aka kora tuni an cinye su, babu inda zai kai iyalinsa. Matarsa ta tambaye shi sau ɗaya, "Saboda tsuntsu?" Ya ce, "Saboda Awalu." Ba ta sake tambaya ba. Shi kansa ba shi da tabbas. Abin da ya riƙe kawai maganar tsohuwa mai koko, da agwagwar da ba ta fasa zama ba. Kullum kafin ya tafi tasha sai ya buɗe mata ta sha ruwa, ya tsaya har ta koma, ya kulle.

Ranar da wa'adi ya cika, da hantsi, Dakta ya fito da wuƙa a hannu ɗaya, takardar sallama a ɗayan. An wanke kwat sau huɗu, amma taswirar ƙwan tana nan. Matan gida suka bar girki suka jeru.

"Buɗe."

Sumana ya buɗe. Agwagwar ta miƙe, ta karkaɗa jela, ta fito. A bayanta ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, rawaya da baƙi-baƙi, suna tuntuɓe da juna. Ba ta kauce wa Dakta ba. Ta bi ta tsakanin ƙafafunsa da jama'arta, ta nufi kwata. Mma Hamamatu ta rangaɗa guɗa. Sumana ya zauna a kan duro.

Dakta ya tura wuƙar a aljihu na uku. Ya leƙa gurbin, ya ɗauko baragurbi ɗaya da ya rage, ya ɗaga shi sama kowa ya gani.

"Ga shi nan, kamar yadda na faɗa! Sauran biyar ɗin kuwa, da ban matsa an killace ta ba, da ba a samu ko ɗaya ba. Sumana, ka gode wa Allah da ka zauna gida ɗaya da masani."

"Yoo, na ji, Dakta," in ji Sumana. Ya cire kwaɗonsa ya mayar ƙofar ɗakinsa.

Injin aka jefar bayan madafa. Kafin shekarar ta ƙare ɗaya daga cikin biyar ɗin ya zama toro, uwar kuma ta ga akwatin sabulun nan a inuwa, ta shiga ta yi ƙwai, ta zauna kwananta talatin da biyar, ta fito da goma sha biyu. Sumana ya je wurin mai rubuta wasiƙa ya ce a rubuta wa Awalu a Sakkwato layi ɗaya: irin tsohuwa yana nan.

Dakta kuma har yau yana tare mutane a unguwar Adum yana gaya musu cewa injinsa ya ƙyanƙyashe goma sha biyu a zama ɗaya. Kuma gaskiya ya faɗa. Gyara biyu kawai aka yi wa injin: an cire fitilar, an cire Dakta.