Attajirin Azahar Zuwa La'asar

"Ni fa a Makkar nan babu ofishin da ban san kansa ba!" Haka Mudassir ke faɗa kullum a wurin mai shayi a unguwar Ka'akiyya, yana bugun ƙirji. Ɗan'uwa, in ka ji shi sai ka rantse shi ya gina otal-otal ɗin unguwar Jarwal, alhali dakon akwatunan alhazai yake yi a ƙofar ɗaya daga cikinsu.

Matarsa Khalida ce mai kai a gidan. Tana shekarar ƙarshe a karatun likitan haƙori, kuɗin makaranta ya gagara, kuma in ba a biya ba babu ita babu jarrabawa. Sai ta nemi taimakon wata ƙungiyar agaji. Ƙa'idarsu ga ɗaliba mai aure ita ce a duba halin miji. In mai hali ne a ba ta rance, shi ya tsaya mata. In ba shi da shi, a biya mata kyauta. Kuma sai sun turo mutum ya ga gidan da idonsa.

"Abu Ikhlas, don girman Allah ka bar gidan nan yadda yake," in ji Khalida, tana kiran mijin da alkunyarsa.

"Ke dai haƙori kika sani! Baƙo ya zo gidana in zaunar da shi a tabarma? Mutanen nan sai sun ga babba suke sakin babban abu. Bar ni da su."

Gogan naka ya bazama cikin maƙwabta. Ya aro kafet da matasai da butar gahawa wurin Inna Kabira, ya aro alkyabba mai zaren zinare wurin Malam Yari. Kowannensu ya ja masa kunne: zuwa la'asar kawai, don akwai walima a layin.

"Haba! Baƙona da azahar zai zo," in ji shi.

Baƙon, wani mai suna Bandar, bai iso ba sai da aka idar da la'asar. Ya tarar da Mudassir ya hakimce cikin alkyabba, turaren wuta na tashi.

"Masha Allah! Me kake sana'a, ya shekh?"

"Harkar otal," in ji sarkin cika baki, yana shafa gemu. "Yara ne ke kula da ita, ni sai dai in leƙa."

"Alhamdu lillahi. To ai ku rance ya dace da ku. Kai za ka tsaya mata."

A bayan labule Khalida ta dafe kai, hawaye suka zubo, don ta san ko sayar da Mudassir aka yi ba zai biya ba. Shi ma ya san hakan, amma bakin nan bai iya ja da baya ba.

"Basiɗa! Abu mai sauƙi," ya ce.

Sai aka buga ƙofa. Inna Kabira ce da mata biyu.

"Mudassir, ɗaga mini kafet, baƙina sun fara zuwa."

"Inna, wanki za a kai, ko?" Yana ta ƙifta mata ido.

"Wankin me? Idonka ciwo yake? Ɗaga ƙafa!"

Suka naɗe kafet, suka zare matasai, har wanda ke bayan Bandar. Ta karɓi butar gahawa, ta tsaya sai da baƙo ya shanye ta amshe finjalin. Ba su gama fita ba sai ga Malam Yari yana huci.

"Kai, maras alƙawari! Liman na jirana, cire mini alkyabba!"

"Malam, ka bari mana zuwa magariba..."

Ina! Dattijo ya kama wuyanta ya zare. Sai ga attajirin otal zaune a kan siminti, cikin singiletin da ta fi rariya huji.

Bandar ya dubi ɗakin, ya dubi mutumin, ya ɗaga murya wajen labule.

"Dakta, ki kwantar da hankali. Kyauta za a biya miki, babu rance."

Khalida ta yi hamdala, tana dariya tana share hawaye. Mudassir kuwa har ya fara gyara zama zai ce dabararsa ce, sai Bandar ya dafa masa kafaɗa.

"Kai kuma, ya shekh, ranar Juma'a muna rabon tufafi ga mabuƙata. Ka zo da wuri, zan ajiye maka riga."