Yadda Muka Cika Tashar da Bas Ba Ya Tsayawa

Jama'a, na goya mahaifina. Da rana tsaka, a gaban mutane, ni da tumbina da furfurata, na durƙusa Baba ya ɗare bayana muka kama hawan gadar sama. Yana riƙe da wuyana yana ba da umarni: "Yi hagu. A hankali. Kai, wannan nishin na mene ne? Mahaifiyarka ta goya ka har ka yi wayo, ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba." Ni dai ban tanka ba, don numfashin da zan tanka da shi na bar shi a matakalar ƙasa.

Ga yadda aka yi. Akwai tsohon rukunin kantuna a bakin gari, wanda a zamaninsa sai mutum ya yi wanka ya fesa turare kafin ya je. Yanzu rabin shagunan a garƙame suke, matakalar lantarki ta koma matakala zalla, maɓulɓular ruwan tsakar ginin ta bushe har masu shara sun mayar da ita ma'ajiyar bokiti. A ɓangaren gaba, dab da ƙofa, Mai Agogo yake da ɗan shagon gyara, a bakin shagon kuma akwai benci. Tun rasuwar mahaifiyata Baba ya mayar da bencin nan wurin aikinsa. Kowace safiya zai hau bas a bakin layinmu, ya sauka a tashar da ke daidai ƙofar kantunan, ya ɗan taka ya zauna. Su yi musu kan labaran rediyo, su yi shiru tare, da yamma ya dawo da fara'a ya ci abinci har ya nemi ƙari. Ranar na raka shi ne don in sayi ƙwan fitila, sai bas ya zo tashar ya wuce abinsa, ko rage gudu bai yi ba. Aka sauke mu a tsallaken babban titi mai shinge a tsakiya, direba ya nuna mana gada da haɓa.

Kada in yi wa manya ƙazafi: gadar tana da lifta, wato na'urar da ke hawa da mutane. Na gan ta da idona, sabuwa fil, ko ledarta ba a ɓare ba, ga guntun jan zaren da aka yanka ranar buɗewa yana lilo a jikinta. Wuta ce kawai ba a ja mata ba, kuma wannan ƙaramin abu ne da bai kamata mai godiya ya tsaya a kai ba.

Duk wannan alheri daga Mai Girma Gwanin Almakashi ne, shugabanmu mai yanka zaren buɗe ayyuka, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi. Ya hango cewa kantunan sun tsufa, ya ce za a sabunta su, a haɗa su da jirgin ƙasa da bas da hanyar keke. An kafa allo ƙato da hoton yadda wurin zai zama: bishiyoyi kore shar, jirgi na wucewa ta sama, mutane na ta murmushi, babu mai kaya a hannu, babu mai ciwon gwiwa. Matakin farko na haɗa kantunan da duk waɗannan hanyoyi shi ne raba su da bas ɗaya tilo da suke da shi.

Washegari ni da Baba muka kwanta, shi gwiwa, ni ƙugu. Tasi kuwa sai ya zagaya rabin gari kafin ya kai ƙofar kantunan, abin ba na kullum ba ne. Mai Agogo a bayan kantunan yake zaune, kuma gwiwoyinsa sun girmi na Baba. Muka gwada waya. Mai Agogo kunnensa ya yi nauyi, hirar duka ta ƙare a "Wa?" da "Ni ne" da "Wa?" har Baba ya miƙo min wayar ya juya bango.

Da farko abin dariya ya ba mu. Baba ya rasa abin yi, ya warware fankar falo ya mayar, aka samu rarar kusoshi. Ya koma kan rediyo, rediyo ma ya bi fanka. Daga nan ya daina taɓa komai. Sai ya zauna a bakin gado da hula a gwiwa, a kai masa abinci a dawo da shi kamar yadda aka kai. A nan na ji tsoro, tsoro na gaske, don irin zaman da ya yi ke nan bayan rasuwar mahaifiyata, kuma bencin nan ne ya tashe shi.

Na sa rigar kirki na tafi Ofishin Duba Yiwuwa. Jami'in da na tarar mutumin kirki ne, har kujera ya ba ni.

"Bisa bincike aka soke tashar," in ji shi. "An tura mai ƙirga ya zauna, bai ga ko mutum ɗaya ya hau bas a wurin ba."

"Yaushe ya zauna, ranka ya daɗe?"

"Bayan an dakatar da tsayawa mana. Ai ba a bincike cikin hayaniya."

Na jinjina kai, don irin wannan ilimin ba a samun sa a kan titi. Ya ce kada in damu, ofishinsu mai sauraron jama'a ne. Za a sake tura mai ƙirga, idan an ga mutane na jira a tashar, za a dawo da ita.

"Ranka ya daɗe, wa zai jira bas a inda bas ba ya tsayawa?"

"Wannan kuma tsakaninku ne da kishin unguwarku."

Na dawo na zayyana wa uwargida tana guga. Ba ta ɗago ba sai da ta gama hannun riga. "Mutane suke so su gani?" ta ce. "To a nuna musu mutane. Kai dai ka nemo min mai askin kantunan da sauran masu shaguna, sauran ka bar min."

Masu shaguna ba su buƙaci roƙo ba, don tun soke tashar ƙuda kaɗai ke shiga wurinsu. Mai ƙirga ya iso, dattijo mai lema da kujerar naɗewa, a hannunsa wata 'yar na'ura da yake dannawa da babban yatsa, ƙyas, duk wanda ya tsaya a ƙarƙashin rumfar tasha. Bayan rumfar akwai shingen kwano na masu gini, nan uwargida ta buɗe ɗakin sauya kaya. Ka tsaya a rumfa, ka duba titi da fuskar mai jira, ka yi tsaki, ka zagaya bayan kwano, ka fito wani mutum daban. Baba da ya ji shirin ya tashi da kansa ya zazzage akwati, ya ba da huluna da tsohon kwat da tabarau, har da sandarsa. Rabon da in ga ya yi dariya tun kafin gada.

Na zama tsoho mai sanda. Na zama mai ciwon haƙori da ƙyalle ɗaure a muƙamuƙi. Na zama ɗan kasuwa mai jaka, jakar kuwa takalman da na cire ne a ciki. Mai aski ya sadaukar da gemunsa, da safe aka ƙirga shi da gemu, da hantsi da gashin baki, da yamma fuska fayau kamar ɗan makaranta. Mai Agogo ba ya sauya komai, ya ce shi ya tsufa da wasa. Kawai zai lallaɓo ya tsaya, ya koma shago, ya sake lallaɓowa, kuma ina kyautata zaton ya fi kowa shan ƙyas.

A wani zagaye na gaishe da mai ƙirga da muryar aro. Ya dube ni ta ƙarƙashin lema.

"Sannu da dawowa," ya ce. "Hular ɗazu ta fi yi maka kyau." Ƙyas.

Na matso kusa da shi. "Malam, ka gane ni ke nan?"

"Ni kawuna aka ce in ƙirga. Ba a ce in tambayi masu su ba."

Da a nan abin ya tsaya, da lafiya lau. Amma kun san halinmu: in an ga layi, a shiga tukuna, a tambaya daga baya. Masu wucewa ta kan gada suka hango cincirindo, suka sauko. Wani ya ce ana raba wani abu, wani ya ce ɗaukar aiki ake. Kafin mako ya ƙare layi ya kewaye shinge, masu sayar da ruwa sun kafa tebur, an yi faɗa kan wa ya riga wa. Uwargida ta yi ta roƙon mutane su tafi gida, suka ce so take ta cinye ita kaɗai. Yatsan mai ƙirga ya kumbura, ya koma dannawa da na hagu.

Ba a jima ba Mai Girma Gwanin Almakashi ya zo da kansa, da motoci da masu hoto. Muka tsaya a gaba muna washe baki. Ya ce sakamakon bincike ya girgiza shi. Ya ce bai taɓa sanin akwai al'umma mai son bas irin wannan ba, kuma mayar wa irin wannan al'umma 'yar rumfa cin mutunci ne da ba zai lamunta ba. Abin da ya dace da mu shi ne katafariyar tasha mai hawa-hawa. Muka yi tafi. Ya ce za a gina ta a inda ɓangaren gaba na kantunan yake, masu shaguna su kwashe kayansu, kuma don lafiyar jama'a babu bas da zai tsaya a wurin sai an kammala. Na waiwaya na ga Mai Agogo yana ta tafi shi ma, don bai ji ko kalma ɗaya ba.

Mai aski ne ya sunkuya ya faɗa masa a kunne. Hannuwansa suka tsaya a sama, sannan ya sauke su a hankali. Da yamma 'yar Mai Agogo, wadda ke aure a wani gari mai nisa, ta ce za ta zo ta ɗauke shi, tun da babu shago babu dalilin zamansa shi kaɗai.

Labari ya riga ni isa gida, amma rabinsa ne ya iso. Na tarar da Baba a falo cikin riga gogaggiya, ya goge takalma ya sa, yana gwada tafiya daga kujera zuwa ƙofa.

"An ce mun ci," ya ce. "Gobe da safe ke nan?"

Na zauna na faɗa masa duka, ban rage komai ba. Ya dubi takalmansa.

"Kai sau nawa ka tsaya a rumfar?"

"Da yawa, Baba."

"Tun kana yaro in aka ce ka ɗebo ruwa sai ka jiƙa ɗaki." Ya sunkuya ya kwance igiyar takalmin, ya ajiye su gefe da gefe a ƙarƙashin kujera. Na so ya yi min faɗa sosai, bai yi ba, kuma wannan ya fi yi min ciwo.

Ranar tafiya 'yar Mai Agogo ta biyo da shi ta gidanmu. Suka zauna a falo, gwiwa kusa da gwiwa, ba wanda ya ambaci tafiya. Mai Agogo ya ɗaga kai ya ce agogon bangonmu yana latti, Baba ya ce ƙarya ne, suka yi musu mai daɗi har mota ta yi ham. Agogon kuwa yana lattin, kullum ƙaruwa yake. Na ce in kai shi wa wani mai gyara a cikin gari, Baba ya ce in bar masa abinsa, yana da mai gyara.

Saboda haka ina miƙa godiyar gidanmu ga Mai Girma. Mun kai kukan rashin mota, an share mana hawaye gaba ɗaya, yanzu babu mai zuwa ko'ina. In tashar ta kammalu aka zo neman wanda zai fara hawa don a ɗauki hoto, a yi haƙuri a nemi wani tsohon, namu ya cire takalmi.