Rasuwar Goggo Sese, Wadda Na Murɗa wa Delko

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta danne, ni Sulaimanu mai albasa na unguwar Pumpumre a nan Garwa nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar tsohuwar landirobarmu, Goggo Sese. Ta cika ranar Talata a kan hawan da ke gab da shiga Poli, da buhunan gishiri a bayanta, da ni a kan sitiyarinta.

Na ce tamu, amma a gaskiya ta matata Kaltumi ce. Ita ce gadon da ya faɗo mata daga mahaifinta, Alhaji Ilyasu, Allah Ya jiƙansa. Shi ya raɗa wa motar suna Sese, wato sannu-sannu da Fulatanci, don tun tana sabuwa ba ta san gaggawa ba. Har ta mutu kujerar direba ba ta daina nuna lotsawar jikin Alhaji ba, kuma in kewarsa ta dami Kaltumi, sai ta shiga ta zauna a ciki, ta rufe ƙofa.

Marigayiyar mai haƙuri ce, mai zumunci. Ta haye mayo, wato kogi, da damina manyan motoci na kwance a gaɓa. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta raka gawar Musulmi da ta Kirista, ba ta taɓa tambayar wa ya hau ba. Da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, man gidan mai ya fi ƙarfinmu, ta koma shan zuwa-zuwa, man bumburutu na kwalba, ba tare da ƙorafi ba. Da safe takan yi tari, "ƙyahu, ƙyahu," sannan ta kama "dugudugu-dugudugu," duk layinmu su san gari ya waye.

Game da jinyarta kuwa, a nan harshena ke nauyi. Delko shi ne ɗan kan da ke raba wa buji, wato fulogi, wuta, kuma yadda aka juya shi ne ke sa wutar ta zo da wuri ko a makare. Alhaji da kunne yake saita nata. Da ya sami inda numfashinta ya kwanta, sai ya karta wurin da ƙusa, ya bar wasiyya kada kowa ya wuce wannan layi. Na ji wasiyyar da kunnena, har da gyaɗa kai.

To, wata Juma'a a hanyar Gidar, wata bashe, motar a-kori-kura mai rufin tamfol, cike da fasinja ta wuce mu. Suka yi ta ɗaga mini hannu suna dariya, har akuyar da ke ɗaure a baya sai da ta waiwayo ta dube ni. Wallahi abin ya tsaya mini a wuya. Ina isa gida na ɗauki sufana, na sassauta notin, na murɗa delko gaba, na wuce layin Alhaji da faɗin ɗan yatsa. Goggo ta zabura kamar budurwa, ni kuwa kaina ya kumbura.

Ba ta ɓoye mini ciwonta ba. Duk hawan da muka tarar sai ta yi "ƙal-ƙal-ƙal," allurar zafi tana hawa, ni kuma in ƙara ƙarar rediyo. A hawan Poli ta yi "kwas!" sau ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe, ta yi shiru. Zacharie bakanike ya buɗe ta, ya tarar fistan ya huje, injin ya tsage. Ya dubi layin ƙusa, ya dube ni, ya rufe bonet a hankali.

Abin da ya fi muni, da Kaltumi ta tambaye ni, sai na ce man Mahamat, mai sayar mana da zuwa-zuwa, ne ke da garwaye. Ta yafa mayafi ta je har rumfarsa ta wanke shi tas a gaban masu saye. Jama'a ku shaida, man Mahamat lafiyarsa ƙalau. Na je na ba shi haƙuri, jiya kuma na gaya wa Kaltumi komai. Ba ta yi faɗa ba, ina ma ta yi. Ta cire carbin mahaifinta daga madubin motar, ta tafi gidan yayanta.

Marigayiyar ta bar tayoyi huɗu, ɗaya daga ciki mai ido ɗaya, da jek da ba ya ɗagawa sai an lallashe shi, da jarka, da makwabta da yanzu za su koma hawan mashin da buhu a ka. Ta kuma bar sufana mai lamba sha uku, wanda ba laifinsa ba ne.

Za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar. Za a tura ta daga garejin Zacharie zuwa gindin dalbejiyar gidan Alhaji, inda za ta huta, ba za a sayar da ko noti ɗaya ba. Ana neman majiya ƙarfi, ni ne zan kama baya. Masu ta'aziyya kada su zo wurina, ban cancanta ba. Su je gidan yayan Kaltumi, can mai rashin take. Wanda ya ga fuskarta ta ɗan saki, don Allah ya biyo ta Pumpumre ya gaya mini, ina ƙofar gida.