Don Auduga da Sandar Japan

Duk faɗin jihar Nuevo León, daga Linares har bakin iyaka, Allah bai halicci yatsu irin na Don Evaristo Tamez ba. Shi da kansa ya tabbatar da haka, kuma ba mutum ba ne da zai faɗi magana sau ɗaya ya bar ta ta huta. Yatsun nan ba sa ɗaukar kaya, ba sa wanke kwano, ba sa buɗe kwalba. Kullum sai an shafa musu mai, in gari ya yi sanyi a sa musu safa. In ka miƙa masa hannu ku gaisa, kan yatsa biyu zai ba ka, su ma a ɗarare, don kada ka matse wa jihar abin da take taƙama da shi.

Shagonsa na kayan kamun kifi yana bayan kasuwa, da allo a sama an rubuta Yatsun Zinariya da jan fenti. A nan masu neman lobina, kifin dam mai faɗin baki, suke zuwa sayen sandar fatsa. Gaskiya ne cewa mai kamun lobina da tanar roba, ko da ƙugiya mai kan dalma, aikin makaho yake yi. Zai jefa, abin ya nutse har ƙasa, ya riƙa jan sa a hankali bisa duwatsu da kututturan da ruwa ya cinye. Kifin ba ya fizga. Tsotsa yake yi sau ɗaya, in ya gane roba ce ya tofar. Wanda sandarsa ba ta kai masa wannan ɗan motsi hannu ba, wuni zai yi yana yi wa tana wanka. Wannan kowane mai fatsa ya san shi, amma Don Evaristo ne kaɗai ya mayar da shi addini, ya kuma naɗa kansa limami.

Sanduna masu araha suna bakin ƙofa, inda ƙura da kare ke iya kai musu. Na masu rufin asiri suna jikin bango. Masu tsada kuwa suna cikin gilashi, mabuɗin a wuyansa tare da gicciye. Kafin mai saye ya buɗe baki, Don Evaristo ya riga ya leƙa waje ya ga motar da ya zo da ita.

"Ɗana, sanda iri uku ce a duniya," in ji shi. "Akwai wadda za ta gaya maka kifi ya zo jiya. Akwai wadda za ta gaya maka ga shi ya zo. Akwai kuma wadda za ta gaya maka yana tunanin zuwa. Kai, yadda na ga tayoyinka, mu tsaya a ta jiya."

Shi kansa ba a cika ganin sa da kifi ba. Ya yi bayanin wannan tuntuni, cewa kamu aikin masu yunwa ne, masani yana zuwa dam ne ya san abin da ke gudana a ƙasa.

Masu fatsa suna da wata tsohuwar dabara ta gwada sanda a shago. Sai wani ya ɗora siririn kan sandar a maƙogwaronsa ya yi magana, kai kuma ka riƙe gindin ka ga ko karkarwar muryar za ta iso tafin hannunka. Wasu na yi don wasa. Don Evaristo ya ɗauki abin ya yi masa dokoki. Kunne maƙaryaci ne, in ji shi, yakan yi wa hannu satar amsa, saboda haka sai ya danna auduga a kunnuwa biyu har ta ɓace. Ido kuma ɗan talla ne, fenti yake bi, saboda haka sai ya runtse. Ba a taɓa shi, ba a girgiza masa kujera, sai ya buɗe ido da kansa ya yanke hukunci. Daga nan garin ya sa masa Don Auduga, sunan da kowa ya sani ban da mai shi.

Ma'auni kuma ba ya canzawa, don haka maƙogwaro ɗaya ake amfani da shi, na matarsa Doña Ofelia. Duk ranar da sabon kaya ya iso, sai ya leƙa ƙofar da ta haɗa shagon da gida ya ƙwala mata kira. Ta goge hannu ta zo, ta kama kan sandar da yatsa biyu ta ɗora a wuya, shi kuma ya ce ta yi ta magana, ko me ta ga dama, ba kalmomin yake buƙata ba.

Da farko addu'a take karantawa, ko ta lissafa abin da ake zubawa a miyar wake. Sai daga baya ta lura da wani abu mai ban tausayi. A shekara talatin da ɗoriya na aure, wannan ne kaɗai lokacin da mijinta ke fuskantar ta ya yi shiru. A teburin abinci shi ke magana. A mota shi ke magana. In ta fara zance, kalma ta uku ke tuna masa da wani kifi da ya kuɓuce masa, kuma kifin kan ƙara ƙiba duk shekara. Sai ta fara faɗin abin da ke ranta a kan sanda. Ta nan 'yan zaman shago suka san rufin kicin na yoyo, ta nan suka san 'yarsu Maricruz da ke aure a Monterrey ta samu ciki. Nicanor, mai gonar lemu, wanda ya riƙe yarinyar ranar baftisma har suke kiran juna kompadre da Don Evaristo, ya riga kakan jin labarin jikan da wata guda.

Bana muryar Doña Ofelia ta dakushe. Mai sayar da tortiya, wainar masara, ta lura, fada ya lura a coci, har mai kawo gas ya tambaye ta ko mura ce. Ta gwada gaya masa a gida, ta fara da cewa likita ya ce, kalmar likita kuwa ta tuna masa da wani likitan haƙori da ya datse kan sandarsa da ƙofar mota, aka gama cin abinci ana kan jahilcin likitoci. Da aka kawo sandunan bakin ƙofa, ta tsaya ta faɗa a kansu cewa an ga wani ƙulli a wuyanta, ana so ta je Monterrey a duba ranar Alhamis, kuma tana tsoro, tana so ya kai ta.

Don Evaristo ya buɗe ido ransa a ɓace. Ya ce wannan kaya an cuce shi, muryar tana isowa kamar ana jan buhu a kan tsakuwa, a mayar wa kamfani da tarkacensa. Nicanor ya ja shi gefe ya fara yi masa bayani a hankali, cewa ba sandar ba ce.

"Kompadre, kai lemu ka sani," in ji Don Evaristo, yana dafa shi da bayan hannu don kare yatsu. "Maƙogwaron Ofelia na san shi fiye da yadda ita ta san shi. Da akwai abin da ya canza, ni zan fara sani."

Ranar Alhamis ta hau bas ita kaɗai. Shi yana dam yana sanin abin da ke gudana a ƙasa.

Sandunan jikin bango suka iso bayan mako biyu ko uku. A kan su ta faɗa cewa an sa ranar yi mata aikin tiyata, kuma likita bai yi mata alkawarin muryar za ta dawo ba. A ƙarshen maganar kuka ya so ya ƙwace mata, ta danne. 'Yan zaman shago suka sunkuyar da kai, wani ya tashi ya ce ya manta bai kulle mota ba. Maigidan kuwa ya yaba wa sandar ƙwarai. Ya ce a kuɗinta babu kamarta, domin can wajen ƙarshe ta kawo masa wata 'yar rawa siririya wadda sandar banza ba za ta taɓa kamawa ba. Ya ƙara mata farashi nan take.

Sai kuma babbar baƙuwa ta iso, sandar Japan, wadda ya yi wata da watanni yana yi wa gari albishir da ita. Baƙa ce, ba ta fi nauyin cokali ba, kuɗinta kuwa zai sayi tsohuwar mota mai tafiya. Ba a buɗe irin wannan a ɓoye. Ya gayyaci 'yan ƙungiyar kamun lobina ranar Asabar da rana, aka hura gawayi a ƙofar shago, aka jera nama da albasa, shi kuma ya yi jawabi a kan tarihin hannunsa tun daga yarinta har naman ya fara ƙonewa.

Da ya kira Doña Ofelia, ta fito cikin rigar zuwa coci, da akwati a hannu. Ta ajiye shi a bakin ƙofa. A tsallaken titi Maricruz na zaune a mota da jariri a baya, ba ta ko kashe inji ba. Duk wanda ke wurin ya ga akwatin ya ga motar. Don Evaristo rigar kawai ya gani, ya kuma ji daɗi, ya ce wa jama'a su dubi mace mai hankali, ta san ranar da ake yi wa ado.

Ya danna auduga, ya zauna, ya karɓi gindin sandar da ladabi, ya runtse ido. Ita kuma ta ɗora kan a wuyanta, daidai inda ƙullin yake.

"Evaristo, jibi za a yi min aiki," ta ce, da 'yar muryar da ta rage mata. "Maricruz ta zo ɗauka ta, kuma ta ce in zauna wurinta gaba ɗaya. Ban ba ta amsa ba. Ba na son barin gidana, ba na son barin ka, duk da halinka. Ga ni a gabanka. In ka buɗe ido ka dube ni kafin in gama, zan mayar da kayana ciki bayan aikin. Abin da nake roƙo ke nan, ba shi da yawa."

Ta ci gaba da magana don ta ba shi lokaci. Ta tuna masa ranar da suka haɗu a rawar bikin gari, lokacin yana da gashi kuma yana iya yin tambaya. Ta yi maganar jikan da bai taɓa ɗauka ba saboda yatsu. Nicanor ya yi tari. Ya kira sunansa da ƙarfi. Da abin ya ƙi, ya karya doka, ya kama masa gwiwar hannu ya girgiza.

"Wanda ya sake taɓa ni ya bar zuwa shagona har abada," in ji Don Evaristo, ido a rufe gam. "Ana abin tarihi kuna wasan yara."

Doña Ofelia ta dube shi ta daɗe. Babu fushi a fuskarta, gajiya ce kawai. Kusa da inda take tsaye akwai firijin da ake sa ruwa da giya, tsoho ne, yana ta gurnaninsa. Ta matsa a hankali, kan sandar na tsakanin yatsunta, ta ɗauke shi daga wuyanta ta jingina a jikin firijin.

"Kun ga aiki ko?" in ji Don Evaristo da murya sama, irin ta wanda ba ya jin kansa. "Yanzu ta haɗiye yawu. Har wannan sai da ya iso hannuna."

Ta ɗauki akwatinta. Da ta zo wucewa ta raɗa wa Nicanor cewa akwai wake a kan wuta, a taimaka a kashe. Maza suka dare suka ba ta hanya, wasu suka cire hula. Ta tsallaka titi, Maricruz ta buɗe mata ƙofa, motar ta bi hanyar Monterrey.

Cikin shago ba mai motsi. Fuskar Don Evaristo ta yi laushi, har wani ɗan hawaye ya gangaro daga idon da ke rufe. Ya ɗaga yatsa ɗaya na hannun hagu don a yi tsit, duk da ba wanda ke magana.

"Jama'a, ku shaida, wannan ita ce sanda," ya ce. "Sauran duk itacen wuta ne. Ofelia, kada ki tsaya, ci gaba a haka. Na rantse tun da na aure ki ban taɓa fahimtar ki irin yau ba."

Nicanor ya dubi sauran, sauran suka dubi ƙasa. Sai ya sa hularsa, ya shiga cikin gida ya kashe waken.